Makaroni a Langar Lantana

Kwana tara ke nan da aka kai Lantana makwancinta, kwana tara kuma ke nan Hajiya Baturiya ba ta kai komai bakinta ba, in ban da ruwa da ɗan kurɓin koko. Ba ciwo take yi ba. Malamin asibitin da aka ɗauko mata ya auna nan, ya auna can, ya ce jiki ƙalau yake, mai jikin ce ta ƙi.

Wanda ya san su ba zai yi mamaki ba. Tun shekarar da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye ƙauyensu, aka kwaso su a bayan akori-kura suna amare, aka sauke su a nan katanga ɗaya tsakani, Baturiya da Lantana a langa ɗaya suke cin abinci. Tare suka yi shekara talatin suna sana'ar kek a bakin kasuwar kifi, Lantana na kwaɓi, Baturiya na wuta. Ranar da aka yi rasuwar, Baturiya ta wanke langar, ta kife ta a saman rumfa, ta shiga ɗaki ta juya fuska bango.

Babban ɗanta, Baffa Idris, ya gaji da lallashi. Ya ce yau da la'asar zai zo da mota a kai ta asibiti, a zura mata roba ta hanci a dinga ɗura mata abinci. Duk gidan an san in aka fita da ita a haka, ba lalle ta dawo da ƙafarta ba.

Shi ne jikanta Rufa'i ya taso daga Kano, bai iso ba sai da aka idar da azahar. Shekara tara ke nan yana girki a wani otel. A jakarsa akwai makaroni da fulawa da madarar gwangwani, da wani cukun kanti mai ruwan ɗorawa da ya naɗe da ƙanƙara a leda. Da ya sauka a Kwanar Dangora kuma, sai ya tsaya wurin wata Bafulatana ta wajen Falgore ya sayi farin cuku curi uku. Rufa'i ya san cukun Fulani ba ya narkewa a wuta kamar yadda ya san sunan mahaifinsa. Duk da haka ya saya. Ya rataye jakar a ginshiƙin rumfa, ya je ƙofar ɗakin ya durƙusa.

"…da kuma ƙarin haƙurinmu, Hajiya. Allah ya jiƙan Inna Lantana."

"Amin," in ji wata murya daga bayan asabari. "Wane ne?"

"Mijinki ne."

"Wanne daga ciki?"

"Na ƙarshen. Wanda ya rage."

"Au. Mai wanke-wanken otel."

"Shi ne. Aka ce min kin kusa, na ce bari in zo da wuri kafin a cinye gumba."

"Ka yi zuwan banza. Na bar wasiyya, kowa a ba shi gumba, kai a ba ka tsintsiya ka share wurin."

Muryar ta yi ƙasa. Ba ita ce wadda ya sani ba, wadda in ta kira mai kifi daga tsakar gida yake amsawa daga bakin ruwa. Amma bakin yana nan. Rufa'i ya ce a ransa, in dai bakin yana nan, akwai wurin kamawa.

"To tunda gumba ba ta samu ba, bari in dafa wa kaina wani abu. Tun Kano ban karya ba."

"In Idris ne ya turo ka ka ce in ci abinci, koma ka ce masa ka faɗa."

"Ni in ce ki ci abinci? Amarya, abin da na zo da shi ni kaɗai ma ba zai ishe ni ba. Kuma ba abincin masu haƙori huɗu ba ne."

"Biyar."

"Huɗu. Na ƙirga da ƙaramar salla."

"Akwai ɗaya can ciki. Ba kowa nake nuna wa ba."

"Ko biyar ɗin ne, babu biyu da suke kallon juna."

Ya miƙe, ya jawo kurfoti daga bakin madafa. Tsakar gidan nan da faɗi, akwai inuwar mangwaro, akwai ta rumfa, amma bai ga wurin ajiye shi ba sai daidai ƙofar ɗakinta. Ya zuba gawayi, ya hura.

"Gawayin wa kake ƙonawa?"

"Na matata."

"Me za ka dafa?"

"Ina ruwanki?"

"Gawayina ne."

"Makaroni da cuku. Gasasshe."



"Ana gasa makaroni?"

"Ana gasawa."

"Bayan an dafa shi?"

"Bayan an dafa shi."

"Laifin me ya yi?"

"Abincin manya ne. A otel ɗinmu sai mai babbar riga ake kai wa."

"Shi ya sa in manyan suka yi magana a rediyo ba a gane inda suka dosa."

Rufa'i ya ɗora tukunya, ya zuba ruwa daga randa, ya ɓalle ledar makaroni ya juye ta ciki nan take. Sai da hannunsa ya so ya ƙi. In ya ga wani ya yi haka a kicin ɗinsu, ranar zai koma wanke tukwane.

"Ruwan bai tafasa ba," in ji muryar.

"Daga bayan asabari kike gani?"

"Ji nake. Ruwan da ya tafasa magana yake yi. Naka ko tari bai yi ba."

"Zai tafasa su tafasa tare. Sabon ilimi ne."

"Zai zama talge."

"Talgena ne."

Makaroni ya dahu yadda Allah ya so, Rufa'i ya tsame shi a kwando. Daga nan ya shiga madafa ya fito da babbar tukunyar da suke gasa kek a ciki, baƙa ƙirin, mai kunne ɗaya. A ƙauye babu obin, yashi ake zubawa a gindin tukunya, a ɗora kwano a kai, a rufe. Ya je gindin randa, inda ruwa ke ɗiga dare da rana, ya ɗebo yashi da hannu biyu ya zuba. Ya yi ƙarar caɓal.

"Daga ina ka ɗebo yashin nan?"

"Gindin randa."

"Jiƙaƙƙe?"

"Yashi yashi ne."

"Gashi za ka yi ko dambu?"

"In ya ji wuta zai bushe."

"Akwai busasshe a buhu bayan ɗaki. Na bakin dam, tankaɗaɗɗe. Lantana da kanta ta tankaɗe shi da rani."

"Bayan ɗaki da nisa. Ni baƙo ne."

Sai gefen asabarin ya ɗaga. Ta jawo tabarmarta zuwa bakin ƙofa, ta jingina da bango. Rufa'i ya kalle ta kallo ɗaya, ya mai da ido kan garwashi. Fuskar ta koma kamar ta rabin mutum, ɗankwalin ya yi mata yawa.

"Ashe ke ce. Na ɗauka tsohon zani aka shanya."

"Ni kuma na ɗauka buhun masara ne ya samu ƙafa. Me suke ba ka a otel ɗin, ragowar baƙi?"

"Kyau ne. Ba a san shi a gidan nan ba."

"Kyau a wuya yake taruwa?"

Ya duba inuwar katanga. Ta fara tsawo. Ya goge hannu a wando, ya taka zuwa rumfa, ya miƙa hannu sama ya sauko da langar. Fara ce mai jan fure, fentin ya kusa ƙarewa, gefe ɗaya ya ɓantare ya yi baƙi. Ya kaɗe ƙurar kwana tara.

"Ajiye wannan."

"Wannan tsohon kwanon? Na ɗauka na ruwan kaji ne."

"Ajiye."

"Duk gidan nan babu kwanon da zai zauna a tukunyar nan sai shi."

"Langar nan ta hau akori-kura ubanka ko cikinsa ba a yi ba."

"To ta huta haka nan."

"Rufa'i."

Tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Maigida take ce masa, ko Ƙato, ko Mai wanke-wanke. Ya tsaya da langar a hannu. In ya mayar da ita sama, an gama. In ya riƙe kuma ta saki asabarin ta koma ciki, an gama.

"Hajiya," ya ce a hankali, yana kallon langar ba ita ba, "da Inna Lantana na nan, ta taɓa barin langar nan ta wuni a kife?"

Wata kaza ta ratsa tsakaninsu ta wuce. Garwashi ya yi ƙas. Baturiya ta daɗe tana kallon ɓantararren gefen.

"In wuta za ka sa mata," in ji ta, "shafa mata mai tukuna, mara tarbiyya. Man shanu, yana cikin kwalba a taga. Kar ka kuskura ka sa mata man gyaɗa."

Ya shafa. Ya juye makaroni a ciki, ya ɗauko farin cukun nan ya yayyanka shi manya-manya kamar za a yi tsire, ya jera a sama.

"Mene ne wannan?"

"Cuku."

"Na ga cuku. Me kake jira ya yi?"

"Ya narke, ya bi jikin makaronin."

"Cukun Fulani."

"E."

"Wanda ake haɗawa da ruwan tumfafiya."

"Shi."

"Ya narke."

"Haka muke yi a birni."

"Kai shi maƙera ka sa a wuta, ka dawo baɗi. Za ka same shi zaune yana jiranka. Na soya shi, na dafa shi a miya, na manta shi a kasko na je suna na dawo. Bai taɓa narkewa ba. Halinsu ɗaya da baffanka Idris."

"Wannan na Falgore ne. Daban yake."

"Shanun Falgore ƙafa biyar gare su?"

Ya dangwara langar a kan jiƙaƙƙen yashin, ya rufe tukunya, ya tara garwashi duka a ƙasa, ya ɗauki mafici ya shiga fifita kamar mai gasa balangu. Tururi ya fara tashi ta gefen murfi. Can kuma sai wani ɗan ƙauri.

"Ina wutar sama?"

"Wuta ai a ƙasa take."

"Murfin fa?"

"Murfi na rufewa ne."

"Ƙasa na ƙuna, sama ɗanye, tsakiya na gumi. Shekara tara kana wannan aikin kuma har yanzu ba a kama ka ba."

"Ki kwanta ki huta, Amarya. Ke ba ki da lafiya."

"Wa ya ce?"

"Duk garin. Har mai acaɓan da ya kawo ni ya yi min jaje."

"Miƙo min kujera."

Ya ajiye 'yar kujerar kusa da kurfoti. Ta dafa bango ta yunƙura, ƙafar ta ƙi. Ta sake. Rufa'i ya miƙa hannu yana kallon gefe.

"Kama nan. Ba don ke ba, kar ki faɗa min a abinci."

"Abinci ne wannan?"

Ta kama. Ba ta fi nauyin ƙullin kayan wanki ba. Taku huɗu ne daga ƙofa zuwa kujera, sai da suka yi su kamar masu rakiyar amarya. Tana zama ta fizge mafici daga hannunsa, ta ɗaura ɗankwali sabon ɗauri.

"Sauke. Fito min da langata. Zubar da wannan taɓon. Ɗauko buhun yashi, ka haɗo da duwatsu uku ƙanana."

"Duwatsun na me?"

"Na jifanka. A kansu langa take zama, ba a kan yashi ba. Tsince cukun nan ka zuba a ƙaramin turmi."

"Daka shi za a yi?"

"Abin da ya ƙi narkewa ai sai daka."

"Haka za mu yi wa Baffa Idris?"

"Shi turminsa ba a sassaƙa ba tukuna. Daka."

Ya daka cuku da man shanu, tana zuba madara kaɗan-kaɗan, har ya yi laushi kamar ƙullun ƙosai. Ta sa ya fasa ƙwai biyu. Shi kuma ya saci hanya ya soya fulawa a man shanu a ƙaramar tukunya, ya zuba sauran madarar yana juyawa da sauri. A nan hannun ya manta da wasan da ake yi, ya yi aikinsa na gaske, ko gudaji ɗaya babu. Baturiya ta kalli hannun.

"Kunu kuma za mu sha?"

"Ba kunu ba ne. Shi ne zai riƙe makaronin."

"Kunun fulawa."

"Suna gare shi da Turanci."

"Ko da Larabci ne, kunu ne. Yanka albasa. Jajjaga attaruhu ɗaya. Akwai daddawa a gwangwani."

"Ba a sa daddawa."

"A gidan wa?"

"A duk duniya."

"Duniya ta zo ta ci a langata? Sa."

Ya sa. Aka kwashe makaronin daga langa zuwa wani kwano, aka haɗa komai aka juya, makaroni ya shige cikin farin kunun nan ya ɓuya. Ƙamshi ya tashi, irin wanda shi kansa Rufa'i bai san sunansa ba.

"Ka sa gishiri?"

"Na sa."

Bai sa ba. Ledar gishirin tana aljihunsa tun ɗazu.

"Yaushe?"

"Lokacin da kike neman numfashi."

"Nawa?"

"Daidai."

"Daidai ɗin wa? Ɗanɗana."

Ya laƙata da cokali ya kai baki, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai kamar mai sauraron karatu.

"Ya ji. Har ya so ya yi yawa."

"Ƙarya kake. Tun kana yaye in za ka yi ƙarya kake lumshe ido."

"Harshena na otel ne. Ba ki da hurumi a nan. An ce ma da can Inna Lantana ce mai ɗanɗano, ke wuta kawai kika iya."

"Wa ya ce?"

"Ita."

"Lantana ko gishirin koko ba ta iya aunawa ba, Allah ya jiƙanta. Miƙo cokalin."

Ya miƙa. Ya duƙa yana gyara garwashin da ba ya bukatar gyara. Ya ji ƙarar cokali a gefen kwano, ya ji ɗan motsin baki.

"Ko ƙwaya ɗaya babu."

"A'a?"

"Kamar mutum ya lashi bango. Ina gishirin?"

Ya lalubo shi a aljihu. Ta kalli aljihun, ta kalle shi. Ta barbaɗa da yatsu uku, ta juya, ta sake ɗiba, wannan karon har da makaroni biyu a cokalin. Ta ƙara kaɗan. Ta sake ɗiba.

"Amarya, abincina ne fa."

"Ba ci nake ba. Awo nake."

"Awon ya kai uku."

"Gishirin Kano ba shi da ƙarfi. Juye a langa."

Ya juye, ya baje saman. Ya ɗauki murfi zai rufe, sai ta tare shi da mafici.

"Je ka ɗauko na jakar."

"Wane na jaka?"

"Wanda yake ɗiga tun da ka shigo. Dubi gindin rumfata."

Rufa'i ya waiga. Ƙanƙarar ta narke, ruwa ya bi ginshiƙi ya yi ɗan tafki a ƙasa, kaji biyu na sha.

"Gumi ne. Jakar ta sha hanya."

"Mutum ya shekara tara a gaban wuta, ya zuba makaroni a ruwan sanyi, ya ɗebo yashi a gindin randa, ya ɓoye gishiri a aljihu. Ko dai otel ɗinku kashe mutane yake, ko kai munafuki ne."

"Wanne kika zaɓa?"

"Duka biyun. Ɗauko."

Ya ɗauko cukun kanti, ya goge shi da abin gugar kuɓewa, ya barbaɗe saman langar har ya rufe. Ta tsinci sili ɗaya ta shinshina.

"Wannan ya lalace."

"Haka ƙamshinsa yake."

"Saniyar da ta yi shi tana raye?"

"Tana ƙasar waje."

"Gara can ɗin."

Langa ta hau duwatsu uku, murfi ya rufe. Baturiya ta karɓi cokalin ƙarfe ta rage wutar ƙasa da kanta, ta kwashi garwashi tana jerawa a kan murfi, ba a tsakiya ba, a zagaye, kowane da tazararsa. Hannun ba ya kuskure wajen ajiyewa. Ta kai bayan hannunta kusa da tukunyar ta ji zafin, ta cire garwashi ɗaya, ta mayar da rabinsa.

"Bari in leƙa," in ji Rufa'i bayan ɗan lokaci.

"Taɓa murfin nan in sake ka."

"Mace ke saki?"

"A gaban tukunyata ni ce alƙali."

Suka zauna. Inuwar katanga ta kai gindin randa. Ladan ya gwada lasifika a masallacin unguwa, ya hura sau biyu. Rufa'i yana ta kasa kunne wajen titi, ita kuwa hancinta kawai take bi. Can ta ce, "Yanzu."

Ya kwashe garwashin, ya ɗaga murfi. Saman ya yi ja-ja-ja yana ɗan tafasa a gefe, cukun kanti ya narke ya shimfiɗu, ya ƙafe a baki-baki. Ya fito da langar da tsumma ya ajiye a kan tabarma. Baturiya ta sauko daga kujera ta zauna a gabanta. Ta daɗe. Sannan ta sa yatsa biyu ta juya langar a hankali, har ɓantararren gefen ya koma yana kallon Rufa'i.

"Ba a cin langar nan mutum ɗaya. Wanke hannu. Nan ne gefen Lantana."

Rufa'i ya wanke hannu ya zauna.

"Ai ni na ce ba zan ba ki ba."

"Ni ce nake ba ka. Cukuna da na daka, wutata, yashina. Naka kunu ne kawai. Bisimilla."

Ta gutsura daga gefenta, ta hura, ta ɗaga. Cukun ya biyo hannun ya yi tsawo, ya ƙi tsinkewa.

"Abin nan ba ya sakin mutum."

"Haka ake so."

"Kamar kai ke nan."

Ta kai baki. Ta tauna da huɗun da aka sani, wataƙila har da na biyar ɗin. Rufa'i bai kalli hannunta ba, amma ya san lokacin da ya koma langa karo na biyu, da na uku. A na biyar ta nemi ruwa. A na shida ta ce attaruhun ya yi kaɗan.

A nan aka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Baffa Idris ya yi sallama ya shigo da bargo a kafaɗa, fuskarsa irin ta wanda ya shirya a zage shi. Ya ci birki a tsakiyar gida. Ya kalli uwarsa, ya kalli langar, ya buɗe baki zai yi hamdala da ƙarfi. Rufa'i ya girgiza masa kai kaɗan. Ya rufe bakin, ya durƙusa.

"Barka da yamma, Hajiya. Ya jikin?"

"Jikin wa? Ka zo da motar?"

"Tana waje."

"To ɗauki wannan ka kai shi. Ka ce a duba masa kai. Abin da aka riga aka dafa yake gasawa."

Baffa Idris ya sunkuyar da kai ya shiga gyara bargon da ke kafaɗarsa, ya daɗe yana gyarawa.

An ci an kai ƙasa. A gindin langar, inda wutar farko ta kama, ƙanzo ya manne, ja mai ƙaras-ƙaras. Baturiya ta kankare shi da cokali ta tara wuri ɗaya. Ta kalle shi. Sannan ta tura shi wajen ɓantararren gefen.

"Ci. Rabon Lantana ne. Shekara hamsin ba ta taɓa bar min ƙanzo ba."

"Kin yarda dai na iya girki."

"Na yarda kana da haƙori."

Sai dariya ta suɓuce mata, 'yar ƙarama, ta ƙare da tari. Ta goge ido da bakin ɗankwali, ta ce hayaƙin gawayi ne. Rufa'i ya ce shi ma hayaƙin ya dame shi. Ya tauna ƙanzon a hankali.

"To gobe me zan dafa miki?"

"Kai? Wanke langar nan ka ajiye ta a ɗaki, kar ka kife. Gobe ni zan dafa, tuwo da miyar kifi."

"Na ɗauka kin gama da duniya."

"Na so in gama," in ji Baturiya, tana lasar yatsa. "Amma ba zan je in tarar da Lantana ta tambaye ni me na ci na ƙarshe, in ce mata girkinka ba."